Wasiƙa ga Edita: 'Yan uwanmu dake Sikotlan, ku hau dutse da hunturu amma kar ku hau ku kaɗai

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk abokan aikinka, dan Allah ka bani ɗan fili in yi magana da 'yan uwana Hausawa dake zaune a nan Birtaniya, musamman ɗalibai da ma'aikatan jinya da suka shigo Sikotlan a 'yan shekarun nan, da kuma iyayensu dake gida tunda nasan da yawansu a waya suke karanta jaridarku. Maganar hawan dutse ce a lokacin hunturu. Nasan wani zai ce duk halin da ake ciki an rasa abin rubutawa sai hawan dutse, toh amma magana ce ta lafiyar jiki da ta rai kuma tana damuna sosai shi yasa nace bari in rubuto.

Abin da na lura dashi a nan Abadin inda nake zaune shine mutanenmu sun rabu biyu. Kashi na farko da zarar watan Nuwamba ya kama shikenan sun kulle kansu, daga ɗaki sai aji ko wajen aiki, daga can sai ɗaki, hita a kunne labule a rufe har watan Maris. Kuma ban ga laifinsu ba, a Disamba rana bata fitowa a nan sai wajen tara saura kwata kuma kafin uku da rabi ta faɗi, ko awa 7 na haske baka samu, mutumin da ya taso a Kano ko Zinder ko Yola dole abin ya taɓa shi. Ina ganin yadda samari masu fara'a suke komawa shiru shiru, bacci ya rikice, karatu yaƙi shiga, mutum ya rasa me ke damunsa. Hukumar lafiya ta ƙasar ma tana bada shawara a riƙa shan bitamin D da kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara. Kashi na biyu su ne suka fi tada min hankali, su ne waɗanda zasu ga hoto a Instagram ko TikTok su haɗu su huɗu su ɗauki hayar mota su nufi dutsen Ben Nevis a watan Janairu da kambas da wandon jins da jaket ɗin zuwa makaranta, ba taswira ba tocilan sai waya da cajin da bai cika ba, wai zasu je su ɗaga tutar Najeriya a ƙololuwa su dawo. Wallahi duk sanda naga irin wannan hoton a gurup sai gabana ya faɗi, domin wanda ya dawo lafiya shi zai ja wasu goma su tafi.

Abin da ke yaudarar mu lissafi ne. Ben Nevis shine dutse mafi tsawo a duk Birtaniya kuma tsawonsa mita 1,345 ne kacal. Garin Jos shi kansa yana zaune ne a kan kusan mita 1,200, duwatsun Shere sun kai mita 1,829, Chappal Waddi na jihar Taraba mita 2,419. Toh wanda ya yi kwas ɗin Man O' War a Shere in ya ji 1,345 ai dariya zai yi. Abin da bai sani ba shine Ben Nevis kusan daga bakin teku ake fara hawansa, kenan duk tsawon nan ƙafarka ce zata yi shi, sannan ƙasar nan tana can arewa sosai, Abadin ma ta fi Mosko kusa da ƙarshen arewacin duniya, ga iskar tekun Atlantika dake zuwa jiƙe da ruwa ba abin da ya tare ta sai waɗannan duwatsun. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 ko sama da haka, kafin ka sa lissafin iska. A kan dutsen Cairn Gorm an taɓa auna iska mai gudun mil 173 a awa a watan Maris na 1986. A ƙauyen Braemar dake gindin duwatsun nan sanyi ya taɓa kaiwa digiri 27.2 ƙasa da sifili a Janairun 1982, kuma wannan a cikin gari ne inda mutane ke kwana. Sai ka bar Fort William, garin dake gindin Ben Nevis, ana ɗan yayyafi ciyawa shar, bayan awa uku kana cikin dusar ƙanƙara har gwiwa baka ganin wanda ke gabanka, hanyar nan mai faɗi da mutum sama da 100,000 ke bi duk shekara ta ɓace ɓat, kuma gefen arewa na ƙololuwar rami ne mai zurfin ɗaruruwan mita.

A Fabrairun 2020 'yan ceto na Lochaber, yankin da dutsen yake, sun hau Ben Nevis cikin guguwa suka sauko da wasu mutum huɗu, wasunsu kambas ne a ƙafarsu, babu gatarin ƙanƙara babu taswira, Allah ne ya yi da sauran kwanansu. A Maris na 2019 kuma zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe mutum uku a wani kwazazzabo na wannan dutsen da ake kira mai lamba 5, su kuwa ba baƙin dutse bane, daga Siwizalan suka zo, ƙasar da duwatsunta suka ninka na nan sau uku. In har abin zai iya cin irin waɗannan toh ina ga ɗan uwana da bai taɓa taka ƙanƙara a kan gangare ba.

Ni ba cewa nake kar a je ba Edita. A je mana, ni ma ina zuwa kuma ban ga abin da ya taimake ni da zaman ƙasar nan kaman shi ba. Cewa nake a shiga ƙungiyar masu hawan dutse a tafi da waɗanda suka san wajen. Abu ne da ya daɗe a nan, ƙungiyar Cairngorm Club ta Abadin tun 1887 take, Scottish Mountaineering Club kuma 1889, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta Sir Hugh Munro shi ya fara jera sunayen duwatsun Sikotlan da suka haura ƙafa 3,000 a 1891, yanzu guda 282 ne a lissafin ana kiransu da sunansa, akwai masu ƙare rayuwarsu suna binsu ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowane gari da kowace jami'a akwai kulob ɗinsu. Kuma dokar filaye ta 2003 ta ba kowa damar ya bi ta kusan ko'ina a ƙafa in dai zai kiyaye haƙƙin mutane da dabbobi, ba mai tambayarka daga ina kake ko takardar izini.

Bari in baka labarin wata fita da muka yi da kulob ɗinmu a watan Janairu domin masu karatu su ga yadda abin yake tafiya. Lochnagar aka sa a gaba, dutse ne mai tsawon mita 1,155 a cikin gandun Balmoral, gidan sarautar nan da Sarauniya Elizabeth ta rasu a cikinsa a Satumban 2022. Tafiyar tun daren Alhamis ta fara, ba ranar Asabar ba. Wanda zai jagorance mu, dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin mai a teku, ya turo mana hasashen yanayi na duwatsu, ba wanda ke cikin wayarka na gari ba, nasu daban ne yana gaya maka ƙarfin iska a sama da inda gajimare zai sauko da kuma tsawon da ruwa ke fara daskarewa. Ya haɗo da rahoton hukumar dake lura da zaftarewar dusar ƙanƙara wato SAIS, su kullum daga tsakiyar Disamba zuwa wajen Afrilu suna da mutane dake hawa suna tona dusar suna dubawa a yankuna 6, Lochnagar na cikin yankin kudancin Cairngorms. Sannan ya bi kowa da tambaya, kana da takalmi mai tauri, kana da kirampon wato ƙarafan nan masu tsini da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, kana da gatarin ƙanƙara, ka taɓa amfani dasu. Wanda bashi da su aka ara masa daga kayan kulob. Wani yace shi takalmin gudu gare shi mai kyau, aka ce masa ya yi haƙuri ya bari sai fita ta gaba ta ƙasa ƙasa, ba faɗa ba wulaƙanci amma kuma ba sassauci.

Ranar Asabar ina idar da asuba na fito, muka tashi a ƙaramar bas cikin duhu muka bi gefen kogin Dee har Ballater sannan muka shiga siririyar hanyar Glen Muick wadda mota ɗaya take ɗauka, barewa jajaye a bakin hanya garke guda sun sauko neman ciyawa ko gezau basu yi ba. A wajen ajiye motoci kafin kowa ya ɗaga ƙafa sai da madugun namu ya tara mu ya shimfiɗa taswira a kan bonet ya nuna hanya, ya faɗi inda zamu tsaya mu sake shawara, kuma ya yanke lokaci, yace ƙarfe 1 na rana duk inda muke zamu juya ko saura taku ashirin mu kai. Ya sa mutum ɗaya a gaba, ya sa wata dattijuwa tsohuwar malamar makaranta a can baya ba wanda zai kasance a bayanta. Tsarin ayarin fatake ne sak irin wanda kakanninmu suka bi zuwa Gwanja, madugu da jagaba da mai kula da na baya, kuma tafiyar mai rauni ita ce tafiyar kowa. An bar takarda da wani a gari mai sunayenmu da hanyar da zamu bi da lokacin da ya kamata a ji daga gare mu.

Abin da ya fara bani mamaki tun farkon shigata shine cewa da suke a fara tafiya da ɗan jin sanyi. Mu in muka ji sanyi duk abin da muka mallaka muke jibgawa, toh a dutse gumi shine abokin gaba, ka jiƙe da gumi a hawa ka tsaya minti biyar iska ta bugo ka sai ka fara karkarwa. Shi yasa ba'a sa auduga ko kaɗan, singileti da jins duk suna riƙe ruwa, sai ulu ko yadin roba, riga kan riga sirara, ka cire in ka ji ɗumi ka mayar in an tsaya, ta waje kuma mai tare ruwa da iska. Safar hannu biyu ko uku a jaka domin ɗaya zata jiƙe ko iska ta ɗauke ta. Filas na shayi, dabino, burodi, abin da zaka iya ci da safar hannu a tsaye. Dabinon nan kuwa yanzu har tambayata suke in na zo dashi.

Muka ratsa fili muka tsallaka kogi muka shiga ɗan dajin itatuwan fir, daga nan hanya ta fara hawa. Wajen mita 700 dusar ta fara, da farko laushi, can sama kuma iska ta daddaɓe ta ta yi tauri kaman siminti, nan aka tsaya kowa ya ɗaura kirampon kuma aka tsaya tun kafin wajen ya yi tsayi, ba'a bari sai mutum na tangal tangal a gangare sannan ya fara neman igiyar takalmi ba. Mun ga zomon dutse ya rikiɗe fari fat, da wani tsuntsu dangin makwarwa shi ma fari sai baƙin ido, da bai motsa ba ba mai ganinsa. Gaskiya Edita akwai wani shiru a wajen nan da ban taɓa jin irinsa ba, ba mota ba janareta sai ƙarar takalminka da numfashinka, ka waiwaya ka ga duwatsu farare jere har iya ganinka rana na fitowa ja a ƙasan gajimare, ba abin da ke fita bakinka sai tasbihi.

Wajen sha ɗaya da 'yan mintoci muka iso wata 'yar mashiga tsakanin babban dutsen da wani ƙaramin tsauni da ake kira Meikle Pap. Daga nan ne kake fara ganin fuskar Lochnagar ta gaske, wani ƙaton rami zagaye da bango baƙi mai tsawon kusan mita 200, tabki a ƙasa ya daskare. Kuma daga nan ne iska ta same mu. Hasashe yace sai da yamma zata yi ƙarfi amma ta riga lokaci, kana ganin dusa na tashi daga bakin bangon kaman hayaƙi, gajimare ya rufe saman gaba ɗaya. Madugu ya ja mu bayan wasu manyan duwatsu muka duƙa ya fara bayani da ƙarfi domin a ji shi. Yace kwana biyu iska na busowa daga kudu maso yamma, ramin nan kuma arewa maso gabas yake kallo, kenan duk dusar da ta kwaso a can ta zuba ta, ta gina wani leɓe da ya leƙo kan ramin wanda ba komai a ƙarƙashinsa sai iska, daga sama zaka ɗauka ƙasa ce. Hanyar ƙololuwa kuma gefen wannan bakin take bi. In gari a buɗe yake sai ka ja nesa dashi ka wuce, amma cikin farin hazon nan da sama da ƙasa suke zama abu ɗaya, baka san hawa kake ko gangara ba, sai dai kamfas da ƙirga taku, kuma a cikinmu akwai sabbi da yawa. Ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya yaya hannunka yaya ƙafarka, wata yarinya ɗaliba tace yatsunta sun daina ji, nan take aka canza mata safar hannu aka bata shayi. Sannan yace yau ba zamu kai sama ba.

Wani saurayi Bature da ya fi mu ƙarfi duka ransa ya ɓaci, yace shi zai iya, saura ƙasa da awa ɗaya da rabi, ya tashi tun biyar na asuba saboda wannan. Ba wanda ya daka masa tsawa. Dattijuwar nan ce ta dafa shi tace dutsen yana nan ba inda zashi, in ka tafi kai kaɗai dole biyu daga cikinmu su bika, sauran kuma su sauka ba mai kula dasu. Ya yi shiru ya mayar da jakarsa. Ni ma na ji ba daɗi, ƙololuwar nake so, amma wannan minti goman da muka yi a duƙe a bayan dutse shine dalilin da yasa nake rubuta wannan wasiƙar. Su huɗun nan namu da suka ɗauko hayar mota tun daga Gilasgo ko Manchesta, suka kashe kuɗin mai, suka riga suka sanar a sitatus cewa yau sai sama, a cikinsu wa zai iya buɗe baki yace mu koma? Kowa na jin kunyar a ce shine rago. A kulob an riga an ɗora wannan nauyin a kan mutum ɗaya da ya san wajen shekara da shekaru, an kuma yarda tun a ƙasa cewa maganarsa za'a bi, ba wanda zai ji kunya.

Maimakon haka muka hau Meikle Pap ɗin, mita 980, gajeren hawa ne kuma nesa da leɓen, muka riƙe juna a saman saboda iska muka kalli ramin na ɗan lokaci muka sauko. A ƙasa kaɗan aka sami wani gangare mai laushi wanda ƙarshensa fili ne ba duwatsu, aka cire kirampon aka shafe kusan awa ana koya mana yadda zaka tsayar da kanka da gatari in ka zame, ka kwanta ka sulale ka juya kan cikinka ka danna bakin gatarin a dusa da nauyin ƙirjinka, a sake, ta baya, kai a ƙasa, a sake, manya da yara kowa ya yi fari fat ana ta dariya. A nan na yi azahar da la'asar, da alwalata tun ta safe, na shimfiɗa jakar leda ta gaggawa a bayan wani dutse, kamfas ɗin da muke bin hanya dashi shi ya nuna min alƙibla. Ba wanda ya ƙosa, biyu daga cikinsu ma suka tsaya ta gefen da iska ke busowa suka tare min. Kafin uku da rabi muna mota, muna shiga Ballater duhu na rufewa, da mun nace sai sama da a wannan lokacin muna can kan tudu da tocilan.

Wannan taka tsantsan nasu ba haka kawai suka same shi ba, da rayuka aka biya. A watan Nuwamba na 1971 wasu 'yan makarantar sakandare daga Edinbara suka hau tudun Cairngorm da masu kula dasu, guguwar dusar ƙanƙara ta rufe su suka kasa gano 'yar bukkar da suke nema su fake, suka kwana biyu a fili. Yara biyar da wata budurwa 'yar shekara 18 dake taimaka wa mai jagorantarsu suka rasu, kuma ba su yi nisa da bukkar ba. Har yau shine hatsarin hawan dutse mafi muni a tarihin Birtaniya, bayansa aka ƙara tsaurara horon masu jagorantar yara, aka kuma rushe bukkokin dake can sama domin suna sa mutane su ci gaba da tafiya da zaton akwai mafaka. Duk wani dattijo a kulob ɗinmu ya san wannan labarin, wasunsu sa'o'in yaran ne. In ɗan uwa yace min ai ajali ne in ya zo ko a gado kake sai ka tafi, nakan ce haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma ba ranka kaɗai ka ɗauka ka hau dashi ba. Masu ceton nan 'yan sa kai ne, ba albashi, makanikai ne da malamai da likitoci da masu shago, waya ce zata tashe su cikin dare su bar 'ya'yansu su hau cikin guguwar da kai ka kasa, kuma ba zasu karɓi ko kwabo a hannunka ba.

Nasan abubuwan dake hana mutanenmu shiga. Na farko giya, ana cewa ai ƙarshen tafiyar mashaya ake zuwa. Wani lokacin haka ne, wani lokacin shagon shayi, ni dai ba wanda ya taɓa matsa min, in basu tsaya inda ya dace dani ba in sayi kifi da dankali in jira a mota, wanda kuma zuciyarsa bata kwanta ba akwai ƙungiyoyin da Musulmi suka kafa, Boots and Beards a Gilasgo, da Muslim Hikers da Haroon Mota ya fara a 2020 can Ingila, suna tsayawa sallah a hanya kuma mata da yawa suna zuwa da hijabinsu. A kulob ɗinmu ma kusan rabi mata ne, wasu sun haura sittin kuma sai su bar saurayi a baya. Maganar sallah kuwa da hunturu azahar da la'asar har magariba duk suna iya riskarka a waje saboda gajartar yini, sai mutum ya tambayi malaminsa hukuncin haɗawa da na taimama tun kafin ya fita, ya kuma gaya wa madugu tun a ƙasa cewa zai buƙaci minti goma. Sai kuɗi. Kayan sabbi suna da tsada ba ƙarya, amma gatari da kirampon kulob ke bada aro, riguna ana samu a shagunan gwanjo na sadaka, kuɗin mai rabawa ake, takalmi ne kawai zan ce kar a yi masa rowa. Ƙungiyar Mountaineering Scotland da cibiyar horo ta Glenmore Lodge kusa da Aviemore suna yin kwasa kwasan koyon tafiyar hunturu, kulob ɗin jami'o'i na samun rangwame. Akwai kuma tsoron ko za'a karɓe ka, kai kaɗai baƙi cikin Turawa. Bazan ce ba'a samun masu kallon banza a ƙasar nan ba, ana samu, amma a dutse ni dai alheri na gani, duk wanda kuka haɗu a hanya sai ya gaishe ka ya gaya maka yadda sama take.

Wanda kuma tsautsayi ya same shi ko ya ga ya sami wani, 999 ake kira a ce a haɗa ka da 'yan sanda sannan a ce masu ceton dutse ake nema, ba motar asibiti kai tsaye ba. Tun kana gida ka tura kalmar register zuwa 999 domin wayarka ta iya aika saƙon tes inda sabis bai isa kira ba. Sanyi na shanye batir cikin ƙanƙanin lokaci, waya a aljihun ciki take zama kusa da jiki kuma kar ta zama ita ce taswirarka ita ce tocilanka. In ba waya, busa usur sau 6 ko haska tocila sau 6, a jira minti ɗaya a sake. Kuma in abokin tafiyarka ya fara tuntuɓe yana magana kaman mai maye ko ya yi shiru yana cewa a barshi ya ɗan kwanta, sanyi ne ya shige shi, a tsaya a rufe shi a shimfiɗa masa wani abu kar jikinsa ya taɓa ƙasa a bashi abu mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya, kar a biye masa.

Roƙona Edita shine ku taimaka ku yaɗa wannan kafin hutun Disamba, lokacin ne ɗalibai ke samun sarari suke shirya irin wannan tafiyar. Shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya da na Nijar a Abadin da Dandi da Gilasgo da Edinbara, da kwamitocin masallatai, ku gayyato wani daga kulob ɗin garinku ko daga 'yan ceto ya zo ya yi wa sabbin zuwa bayani ko na awa ɗaya ne, suna zuwa da murna in an kira su. Ku shirya fita ta farko a ƙananan tuddai irin Bennachie kusa da Abadin ko Pentland a bayan Edinbara, mutane su gwada takalmansu su san ƙarfinsu. Iyaye kuma in ɗanku ko 'yarku ta ce muku zata hau dutse ranar Asabar kar ku hana, ku tambaya da wa za'a je, wa ya san hanya, ƙarfe nawa aka yanke za'a juyo, kuma wa aka bar wa sunayensu a gari.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka, ya tsare mana 'yan uwa a duk inda suke.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Abadin, Sikotlan